Ya Hanya, Maccido?

Maccido ya sassauta ƙafarsa a kan totur ba tare da ya sani ba. Tun da ya baro Kaura Namoda da sabuwar bas ɗin gwamnati bai haɗu da ko keke ba.

Direbobin hanyar Shinkafi suna da ƙa'idarsu: ba ka shiga daji sai ka ga mota ta fito, ka tambayi mai ita ya hanya. Amma sabbin bas ɗin nan, masu sanyi da na'urar da ke nuna wa ofis inda kake, tasu dokar daban ce. Ba tsayawa sai tasha, wai tsaye-tsaye ke sa a tare mutane. Wanda ya tsaya, a bakin aikinsa.

"Direba," in ji Hajiya Lubabatu, wata dattijuwa mai sayar da daddawa da ke zaune bayansa, "hanyar ga ta yi tsit da yawa."

"Sanyin mota ne, Hajiya."

"Wanga sanyi ba na inji ba ne, ɗana."

Dawa ta yi tsawo har bakin kwalta. Ga shanu tsaye, ba makiyayi. Can sai ya hango shi: mutum kan babur a cikin dawa, fuska naɗe da rawani, bindiga kwance a cinya. Bayansa ƙarfen wasu baburan na ƙyalli. Mutumin bai ko motsa ba. Hannu kawai ya ɗaga a hankali, ya yi masa alamar ya wuce, kamar mai yi wa baƙo iso.

Maccido ya wuce. Mota cike da mutane, kura ta ga nama ta ce a'a?

Amsar na jiransa kusa da Badarawa. An tashi kasuwar Shinkafi, motocin fatake sun yi jere a bakin daji, kowa na jiran mota ta fito. Da hango bas sai aka hau tayar da inji. Ashe shi ne tsabar da aka watsa wa tsuntsaye.

Tambari, tsohon abokinsa na tasha, shi ne a gaba. Ya leƙo yana dariya.

"Ya hanya, Maccido, direban gwamnati?" Bai jira amsa ba ya sa giya.

Maccido ya danna hon. Suka mayar masa da hon, a zatonsu gaisuwa ce. Sai ya murɗe sitiyari, ya gindaya doguwar bas a kan titi, hanci a wannan kwata, gindi a waccan, ya kashe ta.

"Kai, ka haukace ne?" in ji Tambari.

"Kashe motarka. Yau a nan muke kwana."

Wayar ofis ta fara ruri a aljihunsa.

"Ba ka ɗauka?" in ji Hajiya.

"Bar ta ta yi ta kuka," ya ce, idonsa na kan hanyar da ya baro. "Ita ba ta ga hannun ba."