Kan da Aka Tono a Sabuwar Rijiya

Ina cikin jegon ɗana Mahaman masu ginar rijiya a garinmu, kusa da Kanan-Bakashe, suka tono ƙoƙon kan mutum. Ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Goshin ya kwanta baya, ƙashin girar ya turo gaba kamar bakin rumfa.

Gidan mijina suka ce kakansu ne da ya fara sare dajin nan. Gidan Ladan, maƙwabcinmu, suka ce nasu ne. Mai gari ya ce a hallara ran Jumma'a, gidan da aka ga mai kama da shi su ne za su riƙa fara jefa guga, sannan liman ya binne bawan Allah.

Manyan gidanmu kawunansu duk kamar ƙwarya. Sai surukata, Inna, ta dubi jaririna.

Da ma ita ke yi masa wanka, tana gasa kansa da ruwan ɗumi tana mulmulawa. Ran nan na ga tafin hannunta na tura goshin baya.

"Inna, ba ya jin zafi kuwa?"

"Kan jariri yumɓu ne, ɗiyata. Kakansa nake fito da shi."

Ba a musu da suruka. Na koma ɗaki na shafa goshin na maido shi gaba. Da yamma ta sake turawa. Yaro ya rasa inda kansa zai dosa.

Da Jummai matar Ladan ta shigo barka, na ja ta gefe.

"Yaya, yaushe rabon da gari ya ga Malam ba rawani?"

"Ke dai bari. Ni kaɗai ke ganin wannan abu."

"To, ki kira masa wanzami."

Ran Jumma'a Ladan ya zo da sabon aski, ya kwance rawani, ya durƙusa kusa da ƙoƙon. Mai gari ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Wanne za a binne?"

Ba wanda ya nemi ganin ɗana.

Yanzu sai gidan Ladan sun gama muke ɗiba, ruwan duk ya dame. Inna ba ta san da hannuna a ciki ba. Da yammacin Jumma'ar ta ɗora Mahaman a cinya, ta daɗe tana kallon aikinta.

"Miƙo ruwan ɗumi," ta ce. "Bari mu maida shi irin ubansa."