Makarar Barau a Kan Sikeli

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu kafaɗata ba ta daina tsami ba.

Na ganni a hanyar maƙabarta. Ruwan sama na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, ƙafafuna kaɗai yake jiƙawa. Ga makarar Barau, abokina da muka tsufa tare muna lodin buhuna a tasha, tana tafe ba kowa a ƙarƙashinta. Ni dai burina in sa mata kafaɗa kafin ta isa kabari, don a ido biyu samari ne suka ɗauke shi, suka ce gwiwata ba za ta iya ba.

Sai ga wani bunsuru a bakin hanya, da tebur da sikeli.

"Baba, ba a kama makara a nan sai an yi lissafi," in ji shi. "Ƙarfi shi ne nauyi sau ƙaruwar gudu."

Ya ɗora ta a sikeli tana tafiya, sikelin ma ya bi ta. Bunsurun ya dawo yana haki.

"Nauyinsa na nan yadda ka san shi. Ko ka tallafa, gudun ba zai ƙaru ba. Komai nauyi, in ka ninka shi da babu, babu ne. Ba a buƙatarka."

"To in na ja ta baya fa?"

"Rage gudu ma ƙarfi ne. Lissafin ɗaya ne. Gwada."

Sai na ganni a cikin kasuwa, makarar na ratsa rumfar masu tattasai. Na damƙi ƙafarta ta baya, na kafe dugadugai kamar mai riƙe amalanke a gangara. Na ja har jijiyar wuyana ta miƙe. Ko gezau.

Barau ya yi magana daga cikin likkafani.

"Kai Cindo, tsohon banza, ka taɓa ganin an taka wa wannan burki?"

"Minti ɗaya nake nema, Barau."

"Buhun gero ma sai na kama maka. Sake ni, mutane na jira."

Bunsurun ya leƙo ta ƙarƙashin hammatata, ya duba sikeli.

"Bai ragu ba, Baba. Babu ne."

Ban saki ba. Ita ce ta zame, a hankali, kamar ba ta son in ji kunya.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Hannuna na riƙe da ƙarfen gado gam.