Shirun da Na Yanke

"Na asalin nake nema, Oga, ba wanda aka matse ba."

"Na asali? Tambayi wanda ya sa hannu aka goge shi jiya." Oga ko ɗagowa bai yi daga kwamfutarsa ba. "Ko in nuna maka hannun?"

Hannuna ne. Na sani.

Kamfanin manyan motocin da nake wa aiki yana naɗar duk kiran da direbobi suka yi wa ofis. Shekara tara ana tarawa, har ma'ajiyar ta cika, jar fitila ta kama. Aka ce ba za a ƙaro na'ura ba, a matse abin da ke ciki. Ni na kawo dabarar: manhaja ta bi kowace murya, ta yanke duk shirun da ya wuce rabin daƙiƙa. Shiru ma wuri yake ci. Kashi ɗaya cikin uku muka samu. Har kafaɗata Oga ya dafa.

Da safen nan ina cika baki a gida, Mama ta ajiye kofinta.

"Ashe muryar yayanka tana wajenku? Kawo mini, Auta."

Sai lokacin na tuna yana ciki.

Yaya direba ne a nan, shi ya samo mini aikin. Bara ya rasu a hanya, wayarsa ta ƙone tare da motar. Yana da i'ina. Kalma ta maƙale masa, ya tsaya, ka ji numfashinsa yana kokawa, sannan ta fito. A gida mun saba jiransa. Ni ne mai ƙarasa masa magana don tsokana, shi kuma ya bi ni da ranƙwashi.

"Kalmomin duk suna nan, malam," in ji Oga. "Me ka rasa? Iska? Kwafi abinka ka ba ni wuri."

Na shiga ɗakin na'urori. Sanyi, ƙugin fanka. Tsofaffin faya-fayan suna jere a kwali, fes, ba komai a cikinsu. Na kwafi kiran Yaya na ƙarshe a wayata. A da daƙiƙa arba'in ne. Yanzu goma sha ɗaya.

Da yamma na tarar da Mama a bakin gado ta sake mayafi, kamar mai jiran baƙo. Matar Yaya ta kashe dutsen guga ta matso. Na danna.

"Na iso an sauke kaya taya ɗaya ta yi faci gobe zan juyo in Allah ya so."

Tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Tun da aka haife shi bai taɓa magana haka ba.

"Sake sawa," in ji Mama.

Na sake. Matar Yaya ta koma ta kunna dutsen gugarta.

Mama ta daɗe tana kallon wayar, bakinta a ɗan buɗe, tana jiran inda zai tsaya.

"Auta," ta ce, "wannan kuma wane ne?"