Hancin Malam Turare

"Wane mahauci? Wanda zazzaɓinsa ke tafiya yana dawowa kamar baƙon da ya manta hularsa?"

"Shi," in ji Mai Madubi, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Zo ka leƙa."

Malam Turare ya gyara wuyan farar rigarsa. A ɗakin gwajin nan kowa warin sinadarin wanke hannu yake yi, shi kaɗai ke shigowa yana ƙamshi kamar ango, har sunan ya bi shi. Ya sunkuya kan madubin hangen ƙwayoyin cuta, kafaɗarsa ta kusa taɓa tata, zuciyarsa ta hau tsalle-tsallen da ta saba duk sanda ya matso teburin yarinyar nan. A cikin hasken ya ga ɗigo-ɗigo jajaye, ƙanana ƙwarai, kamar an watsa lallausan yashi.

"Kai, kyawawa ne," ya ce.

"Burusela ce. Na maimaita gwajin, ita ce dai."

Ƙamshinsa bai gushe ba, amma gumi ya karyo masa. Wa bai san burusela ba? Ita ce mai sa awaki da shanu ɓari, ta bi jini da ɗanyar madara ta shiga mahauta da makiyaya. A ɗakin gwaji kuwa ba ta neman madara, numfashi ɗaya ya ishe ta.

Shi kuwa numfashin da ya ja ba na wasa ba ne. A makon jiya, da aka shuka jinin mahaucin a ɗan faranti har wani abu ya fara tsirowa, sai ya tuna dabarar tsofaffin ma'aikata: a ɗaga murfi a sansana, a ce wannan mai ƙamshin inabi ce, waccan mai warin ƙasa bayan ruwan sama. Shugabar ɗakin, wadda suke kira Mama Doka a bayan idonta, ta hana wannan ɗabi'a tun kafin a ɗauke shi aiki, ta ce duk wanda ta kama zai koma wankin kwalabe sai ya yi furfura. Amma a ranar nan Mama tana taro, Mai Madubi kuma ta sa wani ɗankwali ruwan toka da ya hana shi tunani. Ya ɗaga murfin, ya lumshe ido kamar mai zaɓen turare, ya zuƙa har cikin ƙirji.

"Ba ta da wari ko kaɗan," ya ce a lokacin, "kamar zuciyar da ba ta san so ba. Ji ma."

Ya miƙa mata. Ta yi dariya, ta kawo fuska kusa. Da wannan dariyar ya rayu mako guda, yana juya ta a ransa a mota, a layin famfo, har a gaban mahaifiyarsa da ke tambayarsa ko lafiya yake murmushi shi kaɗai.

"To ai ba lallai ta kama mutum ba," ya ce yanzu, muryarsa ta sirance. "Ni jinina mai ƙarfi ne."

"Mahaucin ma da ya zo ya fi ka ƙirji sau biyu. Yanzu wandonsa da igiya yake ɗaure shi." Ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara. "Kuma ka karanta abin da take yi wa maza, ko ka tsallake shafin? Tana kumbura wurin da ba a faɗa a gaban surukai. Wani ma har haihuwa take taɓa masa."

"Haba, ranki ya daɗe, da rana tsaka?"

"Ni dai na faɗa. Ba na son wata rana a ce laifina ne gida shiru."

Maganar ta wuce shi, ta yi kwana, ta dawo ta buge shi a ƙeya. Gida? Wane gida? Gidan wa? Ya buɗe baki, duk baitocin da ya tanada wata da watanni suka watse kamar kaji.

Ita kuwa ta miƙe tana gyara riga. "Duk wanda ya shaƙa sai ya sha magani na makonni, ana duba jininsa. Mama ce kaɗai ke sa hannu a bayar, kuma sai ta ji yadda aka yi. Zan ce ni na buɗe, kai kana wucewa ne. Ni sabuwa ce, faɗa kawai za ta yi mini."

Ƙarya take yi, ya sani. Mama ba ta san sabo ba, ba ta san tsoho ba. Ya hango hannayen nan nata, masu riƙe gilashi kamar ana riƙe fure, cikin ruwan kumfa da kwalaben fitsarin mutane, saboda shi da hancinsa. Ya hango kansa kuma a bakin famfon, sanye da rigar leda, masu shara suna yi masa kirari. Na biyun ya yi zafi. Na farkon ya ƙi haɗiyuwa sam.

Daga ofis muryar Mama ta taso, tana yi wa wani wankin babban bargo a waya. Mai Madubi ta kama hanyar ƙofar.

Ya riga ta, ya tare ƙofar da hannu.

"Koma kan madubinki," ya ce da ƙarfi, har mai goge tagogi ya waigo. "Ni zan shiga in gaya mata ni na buɗe. In ta bar ni da rai, ranar hutu zan zo gidanku gaida Baba."