Awon Jinin Baba

"Kin ji shi?"

"Na ji, Farfesa."

"Me kika ji?"

Ta ƙara danna bakin abin sauraron a ƙirjin tsohon da ke kwance, kamar dannawar ce za ta fito da sautin. Sauran ɗaliban sun kewaye gadon cikin fararen riguna, kowa ya riga ya saurara ya ce ya ji. Haka ake yi a zagayen safe: babban likita ya sa kunne ya faɗi abin da ke cikin zuciyar mara lafiya, ɗalibai su bi layi, kowa ya gyaɗa kai. Wanda ya ce bai ji ba, shi za a tsayar a gaban jama'a ana yi masa tambayoyi har gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Wani ɗan huci ne tsakanin bugun farko da na biyu," ta ce. Abin da na gabanta ya faɗa ta maimaita.

"Madalla. Gado na gaba."

Ba ta ji komai ba. Abin da ke kunnenta wani siririn kuka ne, irin na firji a ɗakin da babu kowa, kuma tun jarrabawar da ta wuce yake tare da ita. Ta je an haska kunnen, an ce lafiyarsa ƙalau. Tana jin hayaniyar titi, tana jin ƙarar waya. Amma da zarar ta sa abin sauraron nan, sai duniya ta rufe kamar an nutsa kanta cikin ruwa, babu abin da ke isowa sai bugun tata zuciyar.

A baranda 'yar ɗakinsu ta tare ta, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa.

"Ke, kin ga fuskarki kuwa? In kika bi ta ɗakin gawa sai sun riƙe ki. Yaushe rabonki da barci?"

"Ina barci."

"A tsaye, kamar doki."

"Tsakaninki da Allah, kin ji hucin nan?"

Rediyo ta waiga, ta rage murya. "Rabi na ji, rabi na yarda da Farfesa. Kowa haka yake yi. In mun gama za mu ji."

"In ba mu ji ba fa?"

"Sai mu zama likitocin fata," in ji Rediyo, ta yi gaba tana dariya.

Wajen hantsi wata nas ta miƙa mata abin awon jini, ta nuna mata wani mutum a gadon bakin taga. Ta ɗaure masa hannu, ta sa abin sauraron, ta matsa robar, ta saki iska a hankali. Allurar agogon ta sauko, ta sauko, har ta kwanta a ƙasa. Shiru.

"Yaya dai, likita?" mutumin ya tambaya.

"Lafiya lau."

Maganar ta fito da kanta, sumul, kamar amsa gaisuwa. Wannan sauƙin shi ya tsinka mata zuciya. Ta kwance hannun, ta ce wa nas ɗin a sa wani ya sake aunawa, ta ninke farar rigarta ta cusa a jaka. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta fita ta ƙofar da masu jinya ke shiga.

A cikin bas wata mata mai goyo ta hango igiyar abin sauraron ta leƙo daga jakar.

"Baiwar Allah, likita ce? Ɗan duba min yaron nan, tari yake."

"Na yayata ne," ta ce, ta tura igiyar ciki.

Ba ta da yaya. Ita ce ta fari, kuma tun tana firamare, ranar da ta ɗaure wa kyanwar gidansu ƙafa da ƙyallen shagon babanta, aka sa mata Likita. Sunan ya bi ta har ya haɗiye na yanka. Shekara ta huɗu take yanzu, amma sau da yawa in ta kwanta sai ta yi ta laluben ranar da ita da kanta ta zaɓi wannan karatu, ba ta samun ta. An kira ta ne kawai, ta amsa. Makonni ke nan tana shirya yadda za ta ce tana son hutun shekara guda. Ta shirya maganar a wanka, ta shirya ta a layin ɗakin karatu, amma duk lokacin da ta kawo fuskar Baba a ranta sai kalmomin su narke.

Shagon ɗinkin yana jikin gidan. Baba na kan keke, Kawu direba, ƙanensa, da mai kantin maƙwabta suna kan benci.

"Ga Likita, ga Likita," in ji mai kanti. "Yau asibiti ya zo mana har gida."

Ta durƙusa ta gaishe su. Baba ya yi murmushi, zare a hannu ɗaya, allura a ɗayan.

"Kin zo a daidai. Zura min wannan, yau ramin allurar gudu na yake."

Ta karɓa ta zura. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin ya nemi a zura masa allura ba. Idanunsa sun yi ja, yana ta kai hannu yana murza ƙeyarsa. A bayansa, jikin bango, wata sabuwar farar riga na rataye. Shi ya ɗinka mata ta farko, ga ta biyu ya fara tun lokaci bai yi ba. Ya zana sunanta a aljihun da shuɗin zare, ya bar gurbi a gaban sunan don kalmar da ba ta halatta ba tukuna.

A tsakar gida ta tarar da Umma na shanya.

"Tsakiyar mako a gida? Lafiya?"

"Lafiya, Umma. Me ya sami idon Baba?"

Umma ta matse zanen da ke hannunta, ta dubi ƙofar shago.

"Ciwon kai ne ya ƙi sakin sa. Jiya kofi ya suɓuce masa. Shekaranjiya kuma ya yanka yadin mutane a karkace, mutumin da ko da ido a rufe ba ya kuskuren almakashi."

"Yana shan maganinsa na hawan jini?"

"Wane magani? Ai tun zuwanki na ƙarshe ya ajiye. Kin auna shi kin ce lafiya lau. Ya ce 'yan asibiti tsoratar da mutane kawai suka iya, shi likitarsa ta gida ta sallame shi. Ranar komawarsa ma bai je ba. Na yi magana, ya ce ni da ke wa ya yi karatun?"

Igiyar shanyar ta yi mata kamar tana lilo, alhali babu iska. Ta tuna ranar. Daga ɗakin jarrabawa ta taho, kanta kamar an cika shi da yashi, bencin shago cike da mutane, Baba ya naɗe hannun riga yana kallon abokansa ɗaya bayan ɗaya. Allurar ta sauko har ƙasa. Ta ce lafiya lau.

"Likita," muryarsa ta taso daga shago. "Kawo kayan aikin, marasa lafiya sun yi layi."

Al'adar gidan ke nan tun da ta shiga shekara ta uku. Ya sayi abin awon jini nasa na kansa, yana ajiye da shi a akwatin zare. Duk zuwanta shi ne farko, sai Kawu, sai duk wanda Allah ya kawo bencin. Ba awon ne ya dame shi ba. Abin da yake so shi ne a ga 'yarsa da abin sauraro a kunne, a cikin shagonsa.

Ta fito da akwatin. Ya kai hannu zai ɓalle maɓallin hannun rigarsa, yatsun suka zame. Ya sake, suka sake zamewa. Kawu ya miƙa hannu ya ɓalle masa.

"Tsufa ya zo, Yaya."

"Tsufan gidanku. Maɓallin ne ƙarami."

Ta ɗaure hannun. Ta sa abin sauraron, ta matsa, ta saki. Kukan firji. Bugun zuciyarta. A ƙarƙashinsu babu komai, sai wani rami mai zurfi inda jinin mahaifinta ya kamata ya yi magana. Ta ji bakinta na shirin buɗewa, kalmomin nan biyu sun riga sun hau harshe.

Ta cije leɓe. Ta zare abin daga kunnenta ta ajiye a kan keke. Akwai wata hanya da aka koya musu tun farko, wadda ba ta bukatar kunne: a ɗora yatsu a wuyan hannu, a yi ta matsa iska har bugun ya ɓace, a duba inda allura ta tsaya. Ta ɗora yatsunta. Jijiyar tana dukan su da ƙarfi, kamar mai buga ƙofa yana son fita. Ta matsa. Allurar ta wuce inda ya kamata bugun ya mutu, bai mutu ba. Ta ƙara. Yana nan. Ta ƙara.

"Za ki fasa min hannu," in ji Baba yana dariya.

Sai da allurar ta haura ɗari biyu sannan jijiyar ta yi shiru. Irin wannan awon, a jikin waɗanda ake shigowa da su a kan gadon turawa take ganin sa.

"To, faɗa musu," ya ce, yana kallon benci. Murmushin nasa ya fi yawa a ɓangare ɗaya.

"Ya hau, Baba. Ya hau ƙwarai."

"Ai ba ki sa abin a kunne ba."

"Ko na sa ba na ji." Ta saki iskar robar. "Ranar nan ma ban ji ba."

Fankar shago ta ci gaba da juyawa. Mai kanti ya yi gyaran murya, ya ce to shi kam yau ya yafe nasa awon, amma babu wanda ya yi dariya. Umma ta zo bakin ƙofa, hannunta na ɗigar ruwa.

"Gajiya ce," in ji Baba a hankali. "Ki kwana biyu ki huta, ki koma. Wane ɗalibi ne ba ya gajiya?"

"Kawu, don Allah kawo mota."

"Babu inda za ni. Ina da ɗinkin mutane."

"Ɗaga hannuwanka biyu, Baba."

"Yau kuma ni ake ba umarni a shagona?"

Amma ya ɗaga. Na dama ya tsaya. Na hagu ya fara sauka a hankali, kamar wani ne ke jan sa ƙasa, shi kuma yana kallon sa kamar hannun baƙo. Kawu bai jira an sake magana ba, ya fita da sauri, makulli na ƙara a hannunsa.

Ta durƙusa ta jawo takalmansa daga ƙarƙashin keke. Ƙafar dama ta shiga da kanta. Ta hagu ta yi ta laluben bakin takalmin, sai da ta kama ta ta sa. Tafin ƙafar ya yi kanta saboda shekarun taka keke.

Hannunsa mai lafiya ya sauka a kanta.

"Sa farar rigarki," ya ce. Maganar ta fara yi masa nauyi a baki. "In suka gan ki da ita ba za su bar mu a layi ba."

Gaskiya ya faɗa, ta san haka. Ta buɗe jaka ta zaro rigar, duk ta yamutse. Sabuwar tana rataye a bango, da gurbinta a aljihu. A waje motar Kawu ta yi tari sau biyu kafin ta tashi. Ita da Umma suka kama shi suka miƙar da shi, nauyinsa duk ya koma kafaɗarta.

Umma ta tallafe shi, ita kuma ta zura hannu ɗaya a rigar, ta zura ɗayan, ta juya yadda zai ga fuskarta.

"Yau zan sa ta, Baba, don su buɗe mana ƙofa. Gobe zan je makaranta in ajiye karatun, shekara guda. In na dawo da kunnena, zan faɗa maka ko zan koma."