Jakar da Ta Shiga Kwalin Malam Ilu

Malam Ilu tela ne a Zaitawa. Yana da keken ɗinki ɗaya a soron gidansu, da matarsa Mero, da 'ya'ya huɗu. Ta biyun, Zuhra, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana aji biyar a firamare, kuma an haife ta da ɗan rami a zuciya. Shekara biyu da komawa mulkin farar hula, wata ƙungiyar likitoci ta ɗauki nauyin kai yara shida Alƙahira a yi musu aiki. Sunan Zuhra ya fito, mahaifinta zai raka ta. Fasfo ya samu, tikiti ya samu. Abin da gidan ya rasa shi ne jaka. Akwai akwatin ƙarfe na auren Mero, akwai Gana-mas-go biyu, amma babu wanda za a bari a hau jirgi da shi a hannu.

Likita ya ja masa kunne cewa hotunan ƙirji da takardu da magunguna su zauna a hannunsu, kada su bi manyan kaya. In suka ɓace a hanya, sai an sake gwaji daga farko, ranar aikin kuma ta wuce. Hotunan ma ba a lanƙwasa su. Mai sayar da tikiti ya rubuta masa awon da ake yarda da shi: tsawo santimita hamsin da biyar, faɗi arba'in, kauri ashirin, nauyi kilo bakwai. Ya ce akwai wani ƙarfe a filin jirgi da ake zura jaka a ciki, wadda ta ƙi shiga a karɓe ta.

Malam Ilu bai taɓa ganin ƙarfen ba, don haka ya yi nasa. Ya juya tef ɗinsa ta ɓangaren santimita, ya yanka kwalin sabulu, ya liƙe shi daidai da awon nan uku. Ya kuma cika leda da ƙyallayen ɗinki, domin a cewarsa jaka ba komai a ciki ƙarya take yi, sai an cika ta ake ganin girmanta.

Zuhra kuwa wani abu ne daban yake damunta, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Tun da aka sa ranar tafiya, aka daina ce mata a'a. An ɗauke mata wanke-wanke. In aka raba nama, tsokar ita ake miƙa wa. Ranar da ta fasa farantin tangaran na Innarta, ta tsaya tana jiran faɗa, sai Mero ta share fasassun ta ce ba komai. Goggonta ta zo daga Sheshe ta riƙe mata hannu ta daɗe tana kallonta. Zuhra ta tuna haka aka yi wa Kaka a watansa na ƙarshe, duk abin da ya nema sai a kawo da sauri. Ta lissafa a ranta, ta ga kamar manya sun san wani abu da suke ɓoye mata.

Ranar Asabar da hantsi suka ɗauki tasi zuwa kasuwar Ƙofar Wambai, Malam Ilu da kwali a hammata, ita da ambulan ɗin hotuna a ƙirji. Yana tafiya a hankali, in ya ji numfashinta ya yi sama sai ya tsaya kamar yana taya wani abu. Rumfa uku suka shiga. Jakar da ta ɗauki ambulan sai ta ƙi shiga kwali, wadda ta shiga kwali kuma sai samanta ya tsuke ya danne kusurwar hotunan.

A rumfa ta huɗu, wani mai jakunkunan gwanjo, Maharazu, ya dubi kwalin ya yi dariya, ya tambaya ko kaji Malam ya zo saye. Da aka yi masa bayani, sai ya jawo wa Zuhra benci, ya shiga sauko da jakunkunan goyo ɗaya bayan ɗaya. Malam Ilu yana zura ambulan, ya ɗura ƙyallaye, ya ja zif, ya gwada a kwali, ya girgiza kai, ya kwashe ya koma ta gaba.

Biyu ne suka tsallake. Ɗaya baƙa ce mai kauri, ba ado ko kaɗan. Ɗayar ruwan hoda, da furanni masu ƙyalli da ɗan madubi a aljihu. Ita Zuhra ta nuna.

"Baba, wannan nake so."

Maharazu har ya fara kakkaɓe ta. "To Malam, Hajiya ƙarama ta yanke hukunci. Wa zai hana ta?"

Zuhra ta sunkuyar da kai. Ta san abin da zai biyo baya, za a ce a ba ta.

Malam Ilu ya karɓi jakar ya juya cikinta waje, kamar yadda yake duba rigar da wani telan ya ɗinka. Ya ja igiyar kafaɗa, zare biyu suka ɗago. Ya ɗaga gindinta ga rana, haske ya ratso.

"A'a," ya ce. "Wannan ko zango ɗaya ba za ta yi ba."

"Ai tafiya ɗaya ce, Malam," in ji Maharazu.

"Wa ya ce maka? Baɗi war haka tana shirin shiga sakandare. Ka san littattafan da ake loda musu? Kana so in dawo nan in sake sayen wata?" Ya juya ga 'yarsa. "Uwata, ba na son rigima. Baƙar za mu ɗauka. In fure kike so, in mun dawo na ɗinka miki."

Aka ɗora baƙar a sikelin mai shinkafa na kusa, da hotuna da takardu a ciki, allura ba ta kai rabin abin da aka yarda ba. Maharazu ya goya mata don a gani. Igiyoyin sun yi mata tsawo, rararsu tana lilo har cinya. Ya ɗauko almakashi zai datse, ya ce kada su maƙale a ƙarfen filin jirgi.

Malam Ilu ya riƙe hannunsa. "Kada ka yanke. Naɗe su za a yi, in ɗaure da zare. Nan da shekara uku sai an sake su, dangin uwarta dogaye ne."

A hanyar fita shi ya rataya jakar, ya bar kwalin a rumfa bisa roƙon Maharazu, wanda ya ce zai riƙa gwada wa maniyyata. Zuhra tana biye da shi, idonta a kan jakar. Ya ɗauka fushi take yi, har ya fara tunanin ko ya yi mata tsauri. A bakin titi ya tambaye ta ko ya saya mata lemo. Ta ce a'a, ta kama hannunsa, ta tambaye shi wace sakandaren za a kai ta. Ya ce ta fara cin jarrabawa tukuna, lissafinta bai gamshe shi ba.

Zuhra ta gane cewa Babanta yana sa ran za ta dawo, kuma za ta girma.