Akwatin Baba a Bakin Ƙofa

Saura kaɗan Auta ta fasa rubuta wasiƙar nan. Sau uku tana ɗaukar biro a kan teburin guga, sau uku tana ajiyewa. Karatunta bai wuce firamare ba, kuma mutum ce da ko gaisuwa za ta yi sai ta sunkuyar da kai.

Amma idon Baba ba zai jira kunyarta ba. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu ma ya fara gani dishi-dishi, likita kuma ya ce ba za a sa shi a layin aikin ido ba sai da katin lafiya na gwamnatin ƙasar wajen da suke ciki. Dokar ba ta da wuya: mai takardar zama, wanda kuma yake zaune a ƙasar, ana ba shi kati, wanda ya zo ziyara ba a ba shi. Baba yana da takardar zama, Auta ce ta sha zirga-zirga har ta fito. Watansa goma sha huɗu a gidanta, hawa na uku.

Inda aka samu matsala, ranar da ofishin inshora masu ba da katin suka kira shi tana wurin aiki, shi kaɗai ya je. Tafinta ya tambaye shi, "Zaune kake a nan, ko ziyara ka zo?" Baba ya gyara zama ya ce, "Ziyara mana. Ina ni ina zaman gidan 'ya? Kwana biyu zan yi in koma." Aka rubuta yadda ya faɗa. Bayan mako guda takarda ta iso: an ƙi.

Shi a ransa gaskiya ya faɗa. Tun zuwansa bai taɓa kwashe kayansa daga akwati ba. Akwatin na nan a bakin ƙofa. Ko riga Auta ta goge masa, sai ya ninke ya mayar ciki ya ja zif.

"Ke, rubuta mana," in ji Uwar Guga, wadda ta fi kowa daɗewa a shagon wankin da Auta take aiki. "Bakinki ne mai kunya, hannunki ina ruwansa? Baƙon wata goma sha huɗu! Ai ko kujera ta san nauyinsa."

Auta ta rubuta, da ɗan yaren ƙasar da ta tsinta a bakin masu kawo wanki. Ta ce sunan mahaifinta yana cikin takardar haya. Ta ce direban bas ɗin unguwa ya san shi. Ta ce ya shuka tumatir a bokitai bakwai a baranda, har ya ci girbi uku. Ta haɗa da hoton bokitan.

Aka kira su ranar Talata. Ma'aikaciyar, wata mai tabarau a kan hanci, ta karanta wasiƙar sau biyu, ta ce takardun sun cika, saura mai magana ya gyara maganarsa da bakinsa. Tafinta ya sake tambayar nan.

Baba ya gyara zama. Auta ta san wannan gyaran zaman.

"To, ni dai ziya…"

"Baba," Auta ta katse shi, "in ka tafi, wa zai ciri tumatir ɗin?"

"Tafiya ina? Sai nan da wata biyu zai nuna. Ke da ba ki san nunanne da ɗanye ba, in bar miki?"

"Bayan shi fa?"

"Barkono. Ai na riga na jiƙa irin."

"Shi kuma yaushe zai yi?"

Baba ya ƙirga watanni a yatsunsa. Tafinta yana fassarawa yana danne dariya. Mai tabarau ta ɗaga biro tana jira.

"Rubuta zaune nake," Baba ya ce, yana kallon silin. "Amma ki sa saboda barkono ne."

Mai tabarau ta ce takardar ba ta da gurbin barkono, amma za ta riƙe a ranta. Ta buga hatimi, ta ce kati zai iso ta gidan waya, su kai wa likita ya ba su rana.

A bas, da suka kusa sauka, Baba ya dube ta. "Ashe kina da baki."

"A wurinka na gada, Baba."

Washegari da safe, yana baranda yana ba bokitansa ruwa, Auta ta zuge akwatin. Ta jera rigunansa a durowa, ta rataye babbar rigar sanyi a bayan ƙofa. Ta juyo ta gan shi tsaye yana kallonta da idon hagu.

"Ki sa akwatin inda hannuna zai kai," ya ce.

"To, Baba."

Ta hau kujera, ta tura akwatin can ƙuryar saman kabad, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.